Bijimi Mai Tsoka: Riba Ce ko Asarar Haihuwa?

Alhaji Mai Turke: Salamu alaikum. Ina so mu ƙarasa maganar da muka fara a kwata. Mahauci tsoka yake saye. Duk mai kai shanu Wudil ranar Juma'a ya san sa mai cikakkiyar cinya shi dillalai suke rububi. Shi ya sa na ce mu daina barin kowane bijimi yana hawan shanunmu, mu nemo irin masu tsoka na waje ko da ta allurar barbara ce. Masu cewa hakan zai rage haihuwa, tsoro ne kawai yake damunsu.

Baba Arɗo: Wa alaikumus salam. Alhaji, kai sa kake saye ka ɗaure wata uku ko huɗu ka sayar. Mu uwar muke riƙewa shekara da shekaru. Bunaji, farar saniyarmu ta Fulani, tana shiga rani da kitse a jikinta, shi take ci har ruwa ya sauka. Saniyar da duk jikinta tsoka ce, da me za ta kai bazara?

Alhaji Mai Turke: Allah ya ja kwana Baba, ai dusa da kowar wake da harawa ba su ƙare a kasuwa ba.

Baba Arɗo: A turken sa biyar ba su ƙare ba. A garke mai saniya hamsin, wa zai biya?

Dakta: Iyayena, ku ba ni dama. Abu biyu ake haɗawa a maganar nan, kuma ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne shanun da ake yawo da hotunansu a waya, masu tsoka curi-curi, irin Belgian Blue na ƙasar Beljiyam. A jikin dabba akwai wani sinadari, mayositatin, wanda aikinsa shi ne taka wa tsoka birki. A waɗannan shanun ƙwayar gadon da ke samar da shi ta samu tangarɗa, masana sun gano haka a 1997. Naman yana da yawa, kitse kaɗan, wannan gaskiya ne. Amma maraƙin yana zuwa da nauyi da faɗin kafaɗa, ƙugun uwar kuma matsattse ne, shi ya sa a can mafi yawan tsantsar irin da tiyata ake ciro 'ya'yansu. Nononsu ma ba shi da yawa, kuma zafi yana wahalar da su. Ku duba saniya tana naƙuda da tsakar dare a ruga bayan Dambatta, wa zai yi mata fiɗa? Wannan irin ban yarda a sa wa karsanarmu ba, ko kyauta aka bayar.

Na biyu shi ne zaɓen bijimi mai cikar jiki a cikin shanu na yau da kullum. A jihar New South Wales ta Ostireliya an daɗe ana gwada wannan da shanun Angus, aka ware masu tsoka da marasa tsoka ana bin haihuwarsu. Masu tsokar ba su gaza wajen haihuwa da yaye maraƙi ba. Waɗanda suka ja baya su ne masu ɗauke da waccan tangarɗar, a lokacin da abinci ya yi ƙaranci.

Alhaji Mai Turke: To ka ji, Baba. Tsoka ba ta hana haihuwa.

Dakta: Alhaji, a haɗa da ƙarshen maganar: lokacin da abinci ya yi ƙaranci. Mu nan ƙarancin duk shekara yake zuwa, wata da watanni. Saniyar da ta rame bayan haihuwa jinkirin neman barbara take yi. Ciki wata tara ne, idan ana so ta haihu duk shekara sai ta ɗauki wani cikin a wata uku bayan haihuwa. Shanunmu da yawa sai sun yi shekara ɗaya da rabi ko biyu tsakanin maraƙi da maraƙi, kuma yunwa ce babban dalili. Ƙara wa irin wannan saniya girman jikin da ke neman ƙarin abinci ƙara mata jinkiri ne.

Hajiya Mai Nono: Dakta Allah ya saka da alheri. Ni abin da ya dame ni hantsa ce. Nonon safe shi ne cefanen gidajenmu, shi ne kuɗin makarantar yara. Maza kuna lissafin ranar da za a sayar da sa, mu kullum muke lissafi. Ko a cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya da suka haɗa Bunaji da Friesian, shanun Turai masu yawan nono, nono suka bi.

Malam Mai Kilishi: Ni kam ina bayan Alhaji. Kilishi jan nama yake so, kitse ɓata mana shi yake yi. Sai dai masu balangu da tsire ba za su yarda da ni ba, su maiƙon suke nema. Kasuwar Kano ba baki ɗaya take magana ba.

Baba Arɗo: Kuma kada a manta muna da Bokoloji, irin shanun ƙasar Sakkwato. Jiki a cike, ga haƙurin rana, ga nono daidai gwargwado. Me ya kai mu Turai?

Dakta: Nan ne nake ganin za a haɗu. A bar uwayen garke a irinmu. Manyan shanun da suka riga suka haihu sau biyu ko uku, a ba su bijimi mai tsoka, 'ya'yan maza da mata duk su tafi turke, kada a mayar da matan cikin garke. Karsana mai cikin fari kuwa a ba ta bijimin da aka san 'ya'yansa ƙanana ne wajen haihuwa.

Alhaji Mai Turke: Ban sauka daga maganata gaba ɗaya ba, har yanzu ina ganin Bokoloji ba zai ba ni cinyar da nake nema ba. Amma idan Baba zai ware min shanu goma manya a gwada, ni zan ɗauki nauyin abincinsu na rani, kuma in sayi 'ya'yan bayan yaye.

Baba Arɗo: Biyar. Kuma Dakta ne zai zaɓi bijimin, ba kai ba.