Wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙa: masu jan waƙa a majami'a, yaya kuke yi?

Tela mai jan waƙa, Zuru

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ni ke jan waƙa a wata ikkilisiya a nan cikin garin Zuru, sauran ranakun mako kuma ina kan keken ɗinki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, dattawanmu suka yanke cewa ba a tayar da janareta sai ranar Lahadi, shi ma daga lokacin yabo zuwa ƙarshen wa'azi. Koyon waƙa na Alhamis da Asabar, in babu wuta, da baki muke yi.

Damuwata ranar Lahadi ce. Inji ya yi tari ya mutu ana tsakiyar waƙa, majami'a ta yi tsit, mawaƙa na kallon mai kibod, mai kibod na kallon ƙofa, jama'a kuma ni suke kallo. Kafin yara su ruga su ja igiya, waƙar ta riga ta watse. Waɗanda abin nan ya taɓa samu, ku ba mu labari. Me kuke yi a wannan ɗan tsakanin?

Mamar Zumunta, Ribah

Ɗana, amsar tambayarka tana zaune a bencin baya na majami'arku, ta ɗaura ɗankwalin Zumuntar Mata. Da can mu ke gaba da tulunanmu na kiɗa. Da aka sayo kibod da gangunan Bature, sai aka ce mu matsa, wai muna cika wuri, sai in an zo waƙar mata kawai a kira mu. Ba mu ce uffan ba.

Ranar godiyar kaka, majami'a cike har waje, an jera buhunan dawa da masara a gaban bagade, ana rawar kai baiko, inji ya mutu. Ban jira kowa ba. Tuluna yana ƙarƙashin benci a kan gammonsa, na jawo shi tsakanin ƙafafuna, na ɗauki soso na buga bakinsa. Mai ƙaramin tulu ta amsa mini, mai kacau-kacau ta shigo, mai kuge ta biyo. Masu rawa ko tsayawa ba su yi ba, wasu ma sai da aka tashi suka san wuta ta ɗauke. Tun daga ranar fasto ya ce tuluna su dawo gaba, kusa da mawaƙa.

Amma ka sani, tulu ba ya shiga waƙar da mai shi ba ta sani ba. In kuna koyon waƙa ku kaɗai, ku matasa, kada ku yi tsammanin za mu cece ku ranar Lahadi. Ka riƙa aiko mana da waƙoƙin tun ranar taronmu na mako. Wani abu kuma, tulun kiɗa mai kyau ya yi wuya yanzu, matan da ke gina mana su yawancinsu sun bar ƙauyukansu. In naku ya tsage, ku lallaɓa shi.

Mai kibod, Birnin Kebbi

Mama ta faɗi gaskiya, amma bari in yi maganar ɓangarenmu, don mu ake harara.

Ɗaukewar wuta ba ta fi dawowarta ɓarna ba. Jama'a in suna waƙa babu kayan kiɗa, muryarsu takan riƙa sauka a hankali ba su sani ba, musamman a waƙa mai jan rai. Kafin a kai baiti na uku sun bar maɓallin da aka fara da shi. Sai wuta ta dawo, mai kibod ya danna inda ya tsaya da ƙarfinsa, sai ka ji majami'a ta rabu biyu, tsofaffi su yi shiru don kunya. Ga kuma 'yan'uwana da maɓalli ɗaya kawai suka iya, komai sai sun danna abin sauya murya. Kibod da yawa in sun mutu suka tashi, wannan saitin gogewa yake yi. Yaro ya koma inda yatsunsa suka saba, alhali waƙar tana wani wuri.

Abin da nake yi, wuta na ɗaukewa nakan miƙa hannu in kashe amfilifaya, in sauke ƙarar miksa. In inji ya tashi, miksa ake fara kunnawa, amfilifaya ce ta ƙarshe, in ba haka ba wannan bugun da lasifika ke yi wata rana zai tafi da ita. Daga nan in sa kunne kusa da kibod, in lalubi inda jama'a suke da ƙaramar murya, in jira farkon amshi sannan in shiga. In ban samu ba, in naɗe hannu har a gama waƙar. Babu wanda ya taɓa zuwa ya yi mini ƙorafi don na yi shiru.

A nan Birnin Kebbi ma a watan Maris da Afrilu, zafi kan wuce maki 40, fankoki na tsayawa hankalin mutane ya koma kan mafici. Ka gajarta waƙar kawai.

Dattijo, Gusau

Ku yara kuna ba ni dariya. Mu da munka tashi, ina munka ga makirfo? Littafin Waƙoƙi ɗaya ne a hannun malamin majami'a, shi karanta layi, mu maimaita, har munka haddace. Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932 anka buga shi cikakke, kuma da shi da littafin waƙar nan iyayenmu da yawa sunka koyi karatu. Ko yau ka kira lambar waƙa, tsohuwar da idonta bai gani za ta kai ka baitin ƙarshe.

Ni abin da na lura, ba wuta ke kashe muku waƙa ba, waƙar ce tun farko ba ta jama'a ba ce. Kun kwaso ta daga waya, da Turanci, mutum biyar ke yi, saura na kallo suna gyaɗa kai. Lasifika ke rufa muku asiri. In ta yi shiru sai a ji gaskiya. Ku dubi 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai, kasuwa-kasuwa, ƙauye-ƙauye sunka bi da ganga da kacau-kacau, ba su taɓa neman inda za su jona waya ba.

Malamar firamare, Yawuri

Baba, a gafarce ni, ban yarda da kai duka ba. Majami'armu akwai Kambari, akwai Gungawa, akwai Dakarkari, ga 'yan kasuwa Ibo da Yarbawa, ga masu bautar ƙasa da ake turo mana kowace shekara, wasu ko "sannu" ba su iya ba. In na tsaya kan Hausa zalla na bar waɗannan a baya, kuma su ma Ubangiji suka zo yabo. Abin da na yarda da kai a kai shi ne waƙa ta zama mai ɗaukuwa. Kowace Lahadi ina riƙe da gajeren amshi biyu ko uku a kaina, masu layi ɗaya ko biyu, na Hausa da na Turanci, waɗanda ko ɗan Makarantar Lahadi ya sani. Wuta na ɗaukewa ba na ƙoƙarin ƙarasa baitin da nake, nakan ɗaga hannu in fara tafi, in juya zuwa ɗaya daga cikinsu. Tafin nan shi ke riƙe mutane, kafin su waiwaya sun riga sun shiga.

Abin da ba wanda ya taɓo shi ne maƙogwaro. Ni daga Litinin zuwa Juma'a ina gaban allo da yara, ƙurar alli na shiga mini, in dawo gida ga girki ga hayaƙin itace, Asabar koyon waƙa. Kafin Lahadi muryar saura kaɗan, balle lokacin hunturu da iska ke busar da komai. In makirfo ya mutu ka ce za ka cika majami'a da ihu, ranar Litinin da hannu za ka yi magana. Nakan sauko daga kan dakali in shiga tsakiyar jama'a, in tsaya kusa da mata masu ƙarfin murya, in ja layin farko kawai, su ɗauka. Ruwan ɗumi da citta da zuma kuwa ba sa rabuwa da jakata. Maigidana har tsokanata yake wai kuɗin zumar da nake sha ya isa sayen batir.

Katikis, yankin Sakaba

Salama. Ni ɗan Katolika ne, a ƙarƙashin Dayosis na Kontagora muke, ina kula da wata ƙaramar majami'a da Fada ke zuwa lokaci-lokaci. Na karanta duk abin da kuka rubuta, nawa labarin ya ɗan bambanta, don mu da hannunmu muka kashe namu.

Muna da lasifika irin mai bakin kakaki a kan rufin kwano, da batirin mota muke tayar da ita, ana jin mu har gonaki. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Sakaba da Danko-Wasagu, dattawa suka zauna suka ce a sauke ta, ita da bugun ƙarfen da muke kiran jama'a da shi. Ba ka so a san daga nesa cewa duk gari yana ɗaki ɗaya. Addu'ar daren Kirsimeti da ta daren Ista muka dawo da su la'asar. Samari biyu sukan tsaya a waje suna duban hanya, su ba sa samun waƙar ma.

A nan ne na koyi jan waƙa da ƙaramar murya, kuma ya fi wuya nesa ba kusa ba. Ganga kanta da tafin hannu ake shafa ta, ba da makaɗi ko sanda ba, a sa zane a bakinta. Mutanen da suka saba yabo da rawa har ƙura ta tashi, ka ce su rage, sai ka ga kamar ka hana su numfashi. Makonnin farko wasu matan kuka suke yi maimakon waƙa. Na riƙa karanta musu Ayyukan Manzanni sura 16, inda Bulus da Sila ke waƙa a kurkukun Filibi da tsakar dare, ƙafafunsu a turu, sauran 'yan sarƙa na sauraro. Wani tsoho ya ce mini, to Malam, su ai an riga an kama su, ba su da abin ɓoyewa. Ban sami amsar da zan ba shi ba, dariya muka yi gaba ɗaya, muka ci gaba.

Ɗan'uwa na Zuru, da yawa daga mutanenmu yanzu suna wurinku, suna zaune gidajen dangi. Ka duba bencin baya. Suna da waƙoƙi da harshensu da ba sa bukatar komai sai baki. Ka ba su fili ko sau ɗaya a wata, sun daɗe ba su ɗaga murya ba.

Tela mai jan waƙa, Zuru

Malam Katikis, Ubangiji ya tsare ku. Suna nan kuwa, zan yi magana da fasto a kan wannan. Mama, na ji, za a aiko da waƙoƙin.

Mai jita, Tudun Wada Gusau

Namu gwajin a watan Satumban 2021 ya zo, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, aka kuma hana sayar da fetur a jarka. Mu da komai namu a WhatsApp yake, nan nake tura waƙa kowa ya saurari muryarsa a gida, nan ake sanar da lokacin koyo. Rana ɗaya duk ya tsaya. Man inji kuwa sai dai wani ya cika tankin babur ɗinsa ya zo a zuƙa da tiyo, in an samu ke nan.

Sai muka koma littafin rubutu na 'yan makaranta. Kowa ya kwafi waƙa da hannunsa, na bi gida-gida da jita mara wuta ina koya wa masu siririyar murya nasu, masu kauri nasu. Abin mamaki, waƙoƙin da muka koya a waɗannan makonnin su ne har yau ba a mantawa. Tun daga nan jitar katako ba ta barin gefen bagade, a ɗaure take tsaf, ko da akwai wuta.

Ƙarin abu ɗaya, ba a kan wuta ba. Masallaci na kusa da mu, koyon waƙarmu na yamma in an kira magariba mukan dakata har su idar. Ba wanda ya sa mu. Ranar da injinmu ya ƙi tashi ana shirin ɗaurin aure, makanikin da ya bar shagonsa ya zo ya wanke mana kafireto daga cikinsu yake.

Ma'ajin ikkilisiya, Mahuta

Tun ɗazu nake jira wani ya ce a sayi sola, ba wanda ya ce, to bari in faɗa da kaina. Mu mun saya, amma ba don majami'a duka ba. Farantin sola, batir da ƙaramar inbata, an jona musu miksa, makirfo biyu, kibod da lasifika ɗaya. Fankoki da sauran fitilu suna kan layinsu daban. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, waƙa ba ta tsaya ba.

Kuɗin ba daga baikon Lahadi ya fito ba, wannan ko albashin fasto da kyar yake kaiwa. Mawaƙa da matasa suka karɓi gonar ikkilisiya damina ɗaya suka noma wake, Zumuntar Mata suka cika sauran. Matsalar da ta biyo baya ita ce cajin waya. Kowa ya shigo da caja a aljihu, kafin a kai wa'azi batir ya yi ƙasa. Yanzu akwatin yana da kwaɗo, makulli ɗaya a wurina, ɗaya a wurin shugaban mawaƙa, kuma mai son caji ya zo ranar Litinin da naira 100 a hannu.