Nauyin Saudiyya a duniya: abin da aka tsayar a wata tattaunawa

1. Baki ya zo ɗaya cewa ƙarfin Saudiyya yana ga rarar man fetur da take iya ƙarawa ko ragewa cikin makonni, farashi ya motsa.
2. Mai bin kasuwa ya sa ido kan taron OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, da cibiyar sarrafa mai ta Abƙaiƙ a Saudiyya. Harin da aka kai wa cibiyar a 2019 ya tsayar da kusan rabin man ƙasar.
3. Idan mashigin Hormuz, inda jiragen mai ke fita daga Tekun Fasha, ya toshe, bututun da ke kai mai tashar Yanbu ne mafita, ta Bahar Maliya.
4. Maniyyata su lura: an ɗaure riyal da dala, riyal 3.75 ne dala ɗaya, don haka idan naira ta faɗi a kan dala, kuɗin kujera zai tashi.
5. An rabu kan shirin 2030, shirin Saudiyya na sauya fasalin tattalin arzikinta. Wasu sun ce zai rage dogaro da mai, wasu suka ce ai da kuɗin man ake gina shi.