Me za mu kira aikin filazma a kan roba kafin a liƙa ko a buga?

Mai fassara:
Salamu alaikum. Ana shirya takardar koyar da masu aikin injin buga rubutu a kan ledar fiya wata da buhun roba a nan Sakkwato. Kafin tawada ko gam su hau, ana bi ta kan robar da filazma don su kama. Me za mu kira wannan aikin? An kawo "wankin filazma", amma ban gamsu ba.

Malamin kimiyyar sinadarai:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ita kalmar filazma a bar ta haka. Irving Langmuir ne ya raɗa mata suna a 1928: iska ce da lantarki mai ƙarfi ya ratsa har ƙwayoyinta suka ɗauki caji. Kada a fassara ta da ruwan jini, wancan na asibiti daban ne.

Wanki kuwa rabin aikin ne. A kan ƙarfe ko gilashi filazma tana ƙone ɗan maiƙon da ya rage, wannan wanki ne. Amma ledar foliyetilin ko buhun folifurofilin, ko da tas suke, tawada ba ta zama, don ƙarfin jan fuskarsu, wato yadda take karɓar ruwa, wanda ake aunawa da ma'aunin dayin, dayin 29 zuwa 31 ne kawai, bugu kuma yana son 38 zuwa sama, tawada mai ruwa ma fiye da haka. Filazma tana tsinka mahaɗan ƙwayoyin saman robar ta dasa musu iskar oksijin, sai fuskar ta fara karɓar ruwa da gam.

Tsohon makanikin masana'anta:
Malam, ai muna da kalma. In dutsen niƙa ya yi sulɓi koɗa shi ake yi don ya kama hatsi. A ce "koɗar filazma".

Injiniyan sarrafa roba:
Baba, kalmar ta yi daɗi, amma ina jin tsoronta a bakin injin. Mai koɗa yana neman kaushi, ya taɓa ya ji. Aikin filazma kuwa a 'yan nanomita na sama yake tsayawa (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ido ba ya gani, hannu ba ya ji. In aka ce wa yaro koɗa, zai rage gudun bel ko ya matso da bakin injin yana jiran ya ga canji. A nan ake ɓata kaya: saman robar ya farfashe ya zama wani ɗan gari-gari marar ƙarfi, gam ya kama shi da kyau, sannan ya ɓalle tare da shi.

Daidai aikin shi ne bakin injin ya tsaya kamar milimita 5 zuwa 15 daga kaya, gudu ya zama ɗaya, iskar kwamfaresa ta zo busasshiya ba digon mai, don mai kaɗan ya isa ya rufe fuskar da aka gyara. A sa bututun fitar da iska, saboda iskar da aikin ke saki tana cutar da huhu. Gwaji kuma da alƙalamin dayin, mai tawadar auna ƙarfin jan fuska: a ja layi da mai lamba 38, in tawadar ta kwanta daƙiƙa 2 ba ta dunƙule ba, an kai. In babu alƙalami a ɗiga ruwa. Wanda ya tsaya dunƙule bai samu ba, wanda ya baje ya samu.

Malamin kimiyyar sinadarai:
Sannan aikin ba ya dawwama, Injiniya. Ƙwayoyin da aka dasa suna juyawa su nutse cikin robar, sinadarin sulɓi da ake zubawa a leda kuma yana tasowa sama. Zafi yana hanzarta duka biyun, kuma kun san Sakkwato a watan Afrilu, sama da digiri 40. Ga ƙurar hunturu, ga yatsun ma'aikata. Kalmar da za mu ɗauka ta nuna shiri ne na ɗan lokaci.

Mai fassara:
To "ɗanawa" fa? Ana ɗana tarko, ana ɗana kibiya: an shirya abu don ya kama, kuma ba a barinsa ya daɗe.

Injiniyan sarrafa roba:
Wannan ita ce, Hajiya. "An ɗana ledar?" "Ɗanawar ta sauka, a sake." Tana shiga baki, kuma tana gaya wa mai aiki ya buga ko ya liƙa nan take, kada ya jibge kaya a sito.

Tsohon makanikin masana'anta:
Na yarda. Amma kada a yar da koɗa. Akwai wanda ake yi cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, a bar kaya mintuna har filazma ta ci fuskar ta bar ƙananan ramuka. Wannan koɗa ce sosai.

Mai fassara:
Madalla, Baba. Zan rubuta "ɗanawa da filazma" a kan aikin bel, "koɗar filazma" a kan na akwati, wanki ya tsaya ga ƙarfe da gilashi. Injiniya, a turo mini matakan gwajin alƙalami a jere don shafi na gaba.