Ina za a kai iyali cin abinci a Kano?

Sani Tela: Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar zan kai maiɗakina da yara Kantin Kwari daga nan Ringim. Kawu Habu ya ce shiga manyan gidajen abinci a Kano asarar kuɗi ce. Me kuka gani?

Kawu Habu: Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Sani, ka nufi Jakara ka sayi gurasa da ɗuminta, a yi maka bandashe, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir, ka ɗora tsire a kai. Wane gidan gilashi ne zai ba ka wannan? Can shinkafa 'yar kaɗan za su kawo maka, kuɗin kuma na sanyin esi ne.

Yaya Binta: Kawu, a yi haƙuri, maganarka ta maza ce. Ku kun iya zama kan benci bakin titi, 'yan adaidaita na bula muku hayaƙi. Mace da goyo, ta wuni tana zaga layukan Kwari, ina za ta zauna ta ɗaga mayafi ta ci? Ina banɗaki? Ina wurin alwala? Abin da ake biya ke nan, ba shinkafar kaɗai ba.

Kawu Habu: Ke Binta, iyayenku mata da suka riƙa zuwa Kurmi a da, da yunwa suka dawo?

Yaya Binta: Gidan 'yan uwa suke sauka, Kawu. Sani ba shi da kowa a cikin gari.

Musa Direba: Ku duka kuna da gaskiya, amma akwai tsaka-tsaki. Tun daga 'Yankaba in kun shigo ta Gezawa akwai gidajen tuwo masu ɗaki da labule, waina da miyar taushe, ɗanwake, dambu. Ka duba inda 'yan kasuwa suka yi cincirindo da azahar, nan tukunya ba ta kwana. In yara ne ke son ganin birni, kai su Ado Bayero Mall a titin Zoo, amma tambayi farashi kafin ka zauna.

Kawu Habu: To Musa, ka yarda dai a can ba a ƙoshi.

Sani Tela: Yaya Binta, maiɗakina ta ce ita waina take so. Musa, turo min kwatancen mai labulen nan. Kawu, gurasarka zan taho maka da ita.