Na canza salansa, yanzu ƙugi ya hana mu sakat a cikin mota

ɗan_Barnawa:

Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin mota ku taimaka min. Ina da Honda Accord 2008 mai silinda shida, wannan da ake ce wa Evil Spirit. Wata biyu da suka wuce tukwanen salansa na baya suka ruɓe, sai na ce bari kawai na saka irin masu bakin ƙarfe mai sheƙi ɗin nan, mai waldan ya ce in dai ina so ta yi murya sosai a yanke tukunyar tsakiya ma a saka miƙaƙƙen bututu, ni kuma na yarda. Daga waje wallahi muryar ta yi daɗi, matsalar a ciki take. Da na hau hanyar Zariya gudu ya zauna a 100 zuwa 110, allurar inji tana wajen zagaye 2,000 a minti, sai wani ƙugi ya cika motar wuuuuu, ba wai ƙara ce mai tsanani ba amma tana danna dodon kunne kamar an kifa maka tulu a kai. In na taka totur ta wuce 3,000 sai ya ɓace, ina saki ya dawo. Na baya su suka fi shan wuya, ranar Asabar na ɗauki Hajiyarmu, kafin mu kai Jaji ta ce kanta na sarawa, 'yata ƙarama kuwa hannu biyu ta sa ta toshe kunne har Zariya. Abin ya dame ni sosai. Wani ya ce na shimfiɗa soso mai kauri a but, shin zai yi magani ko asarar kuɗi ce?

mai_walda_Panteka:

Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya wanda ya yanke maka tukunyar tsakiya bai kyauta ba, ba ado ba ce, aikinta kenan ta cinye wannan ƙugin kafin ya iso ƙarƙashin kujerar baya. Ya ba ka tsohuwar ko ya riƙe? In tana nan a mayar, in babu ka nemi Beljiyam ta motarka, ba ta da wuyar samu.

Amma kafin ka kashe ko sisi ka sa a ɗaga motar ko a hau rami ka shiga da kanka ka duba. Salansa a kan roba ake rataye ta, da yawa in robar ta ƙi kaiwa sai su ɗauko rodi su yi walda kai tsaye a jikin mota, to duk girgizar bututun jikin motar ne zai ɗauka ya zama ganga. Ka kama bakin salansar in ta huce ka jijjiga, ya kamata ta yi lilo kaɗan ba tare da ta taɓa komai ba. Sannan ka duba bakin nata ya leƙo waje da bamba ko ya tsaya a ƙarƙashi, in a ƙarƙashi yake hayaƙi da ƙara suna dukan bamba su koma ƙasan but. In kuma ka ga baƙin toka a wajen walda to tana yoyo, wannan a toshe shi yau yau, hayaƙin nan in ya shiga mota gilashi a rufe yana iya kisa kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

injiniya_Samaru:

Abin da Oga mai walda ya faɗa haka yake, bari na ƙara da dalilin da ya sa a 2,000 kawai kake ji. Inji mai silinda shida yana bugu uku a kowane zagaye ɗaya. 2,000 a minti ka raba da 60 ya ba ka 33 da ɗoriya a daƙiƙa, sau uku ya zama bugu 100 a daƙiƙa. Wannan sauti ne mai kauri, kuma in ya dace da tsawon bututun da girman ɗakin motar sai su riƙa amsa wa juna, kamar yadda in ka hura bakin kwalba take yin kuka da murya ɗaya tak. Da ka wuce wurin sai su daina dacewa shi ya sa yake ɓacewa.

In kana son muryar waje ba ka son ƙugin akwai dabarar da ake kira J-pipe. Reshen bututu ne ake haɗawa a gefen babban, ƙarshensa a toshe, sauti ya shiga ya daki bango ya dawo a daidai lokacin da zai kashe ɗan'uwansa mai zuwa. Tsawon shi ne komai. Ana raba gudun sauti da ninki huɗu na adadin bugun. A iskar waje sauti na gudun wajen mita 343 a daƙiƙa, a raba da 400 ya ba da santimita 86, amma da yake cikin bututun da zafi kuma sauti ya fi gudu a zafi, sai ya matso kusa da mita 1. Ni shawarata a yanka ya ɗan fi tsawo, a yi ƙarshen da bututu mai shiga cikin wani a ɗaure da kilam, ka gwada a hanya kana ragewa kaɗan kaɗan, in ka samu wurin sai a yi walda. A haɗa shi kafin inda bututun ya rabu biyu.

Sai dai motarka tana da wani abu. Accord V6 ta wannan shekarar mai giyar otomatik tana da VCM, wato in kana tafiya a miƙe ba ka takawa sosai tana kashe wasu silinda ta koma huɗu ko uku don rage shan mai. In ta koma uku bugun ya zama 50 maimakon 100, kuma reshen da zai kashe 50 sai ya kai kusan mita 2, ina za ka sa shi? Don haka ka lura ko ƙugin yana canza murya lokacin da koriyar fitilar ECO, mai nuna motar tana rage shan mai, ta kama. Ka sauke manhajar auna sauti a waya, wani ya riƙe a kujerar baya kai kana tuƙi, lambar da ta fi tashi ita za mu yi wa lissafi.

baban_Khalifa:

Maganar soso ni na gwada a tawa, ɗan'uwa kada ka wahalar da kanka. Ya rage ƙarar taya kaɗan, ƙugin yana nan inda yake domin sauti mai kauri ratsa soso yake kamar babu. Abin da ya ɗan taimaka shi ne manna shimfiɗar roba mai nauyi a ramin safaya taya don ƙarfen wurin ya daina kaɗawa. Kuma ka guji mai kwalta irin ta liƙe rufin kwano, zafin Afrilu zai narkar da ita motar ta ɗau wari.

Tambaya ɗaya, ka saka wufa, wato sifika mai kaurin murya, ko ka canza rediyo? Motar nan tana da makirfo a ciki da ke sauraron ƙugin inji ta fitar da kishiyarsa ta sifika, an saita shi ne da salansar kamfani da sifikun kamfani. In aka ƙara wufa ba a cire wannan ba shi kansa yakan haifar da ƙugi.

ɗan_Barnawa:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Yau na shiga rami na gani da idona, ɓangaren dama babu roba kwata-kwata, rodi aka lanƙwasa aka liƙe da jikin mota, na sa an yanke an saka roba kuma kujerar baya ta daina kakkarwa. Ƙugin ya ragu amma bai tafi ba. Baban Khalifa ban saka wufa ba, rediyon kamfani ne. Injiniya na bi ta baifas da ƙanina a baya riƙe da waya, ECO na kamawa muryar take yin kauri, lambar tana yawo tsakanin 48 da 52. Tsohuwar tukunyar kuma mai waldan da ya yanke ta ya ce ya sayar wa 'yan gwangwan.

injiniya_Samaru:

To 50 ɗin ce, manta da reshen bututu. Ka nemo tukunyar tsakiya ta ainihi a mayar, ka bar na bayan tukuna ka sake aunawa a wannan hanyar da wannan gudun. In har yanzu Hajiya tana jin shi a baya to tukwanen bayan ma miƙaƙƙu ne a ciki, sai a nemi masu ɗakuna.

mai_walda_Panteka:

In za ka saya ka buga ta da tafin hannu ka jijjiga Alhaji, in ka ji abu na kwaranniya a ciki ta mutu, ka ajiye ka ɗau wata. Kuma ka tsaya a kansa ya haɗa ta da robarta.