Ƙ, ɗ da alamar tarawa a adireshin intanet: me kuka ci karo da shi?

Ɗan Ƙaraye: Assalamu alaikum. Ina kula da manhajar wata ƙungiyar manoma da ke rajistar masu karɓar taki, inda wayoyin wakilanmu na ƙauyuka ke aika sunan gari da lambar waya zuwa sabar, wato babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan, ta cikin adireshin intanet. Duk lambar da ta fara da +234 sai ta iso babu alamar tarawa, fili ne kawai a gurbinta, domin sabar tana ɗaukar wannan alama a matsayin tazara tsakanin kalmomi. Sai da aka mayar da ita %2B, wato rubutun da ke wakiltar + a cikin adireshi, lambobin suka daidaita. Ina son jin abin da ya faru da ku.

Malama daga Ringim: Wa alaikumus salam, Malam. Ni haruffanmu masu lanƙwasa ne suka fi ba ni aiki. Ƙa'idar RFC 3986 ta 2005, wadda ta tsara yadda ake rubuta adireshin intanet, ta yarda haruffan boko na Ingilishi da lambobi da alamomi huɗu, wato - . _ ~, su wuce yadda suke, amma ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikinsu. Dole a fara juya su zuwa UTF-8, wato tsarin da kwamfuta ke mayar da haruffa lambobi da shi, sannan ƙ ta zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97. Tsohuwar manhajar da na gada a wata makaranta ba ta yin haka, shi ya sa duk ɗalibar da ake kira Ɗahira ba ta fitowa a bincike, alhali sunanta yana nan daram a rajista.

Baban Amira, Gumel: Malama ta yi gaskiya, sai dai yawan gyara ma ɓarna ne. Na ga adireshin da aka juya sau biyu, har %20, wato tazarar da ke tsakiyar "Birnin Kudu", ya koma %2520, saboda ita kanta alamar % an sake juya ta.

Ɗan Ƙaraye: To, Yallaɓai, a ina ya kamata a yi juyin?

Baban Amira, Gumel: A kan kowane bayani shi kaɗai, sau ɗaya, kafin a haɗa adireshin. A harshen rubuta manhaja na JavaScript, umarnin encodeURIComponent nake amfani da shi, domin umarnin encodeURI yana ƙyale & da #, kuma sunan shago mai & a tsakiya yakan rabe gida biyu, abin da ya biyo bayan # kuwa ba ya ma isa sabar. Masu amfani da harshen Python su lura cewa umarnin quote yana barin / yadda take sai an ba shi safe=''.