Ta kamfani ko ta maƙeri? Muhawara kan bindigar farauta mai sakata

Malam Sani: Assalamu alaikum. Maganata ɗaya ce: bindigar farauta mai sakata, wato wadda ake jan ƙarfenta da hannu a fitar da kwanso a ɗura sabon harsashi, in maƙeri ne ya haɗa maka, ta fi kowace irin da za ka ɗauko a kanti. Ta kamfani an yi ta ne don jama'a, shi ya sa ba ta zauna wa kowa daidai. Taka kuwa kai ka zaɓi bututu, ka zaɓi kunama, a yanka ƙota daidai tsawon hannunka. Mai ja, bismillah.

Baban Halima: Wa alaikumus salam. Malam, da shekara talatin da suka wuce ka faɗi haka da ban ce uffan ba. Yanzu injinan da kwamfuta ke sarrafawa sun cike giɓin. Bindigar Tikka, wadda kamfanin Sako ke ƙerawa a Finlan, da garanti take fitowa: harsashi uku cikin faɗin kusan inci ɗaya a nisan yadi 100. Weatherby Vanguard ma haka, in an sa mata harsashi mai kyau. Me maƙerinka zai ƙara maka a kan wannan?

Malam Sani: Zai rage faɗin nan zuwa rabin inci. Bututun kamfanin Krieger ko Bartlein, wanda ake yanka masa layukan ciki ɗaya bayan ɗaya, ba ɗaya yake da wanda inji ya bubbuga cikin 'yan mintoci ba.

Baban Halima: To rabin incin nan a ina za ka ci amfaninsa? Wurin da ake nema a ƙirjin barewa ya kai faɗin faranti. A yadi 200, bindigar inci ɗaya tana zuba harsashi cikin inci biyu, taka cikin ɗaya. Duka biyun nama ya faɗi. Abin da ke sa a kuskure shi ne haki bayan hawan tudu, da iska, da rawar hannu. Kuma maharbi ba harsashi biyar yake jerawa a kan tebur ba. Na farko, daga bututu mai sanyi, shi ne magana.

Sarkin Baka: Ku bar batun inci, yara. Ni abin da nake dubawa shi ne yadda sakata ke ɗaukar harsashi. Ƙirar Mauser ta 1898 tana da ƙugiya babba da ke cafke gindin kwanso tun yana fitowa daga ma'ajiya, ba ta sakinsa sai ta wurgar da shi. Remington 700, da ta fito a 1962, tura harsashin kawai take yi gaba. Ga barewa ba komai. Amma ranar da ɓauna ta juyo kanka, kana ja da baya kana jan sakata a karkace, a nan za ka so mai ƙugiya. Shi ya sa har gobe maƙera ke gina manyan bindigogi a kan tsarin Mauser.

Malam Sani: Allah ya ja zamanin Sarki. Kun ji dai.

Baban Halima: Ranka ya daɗe, gaskiya ne, amma ba ta taimaki Malam ba. Winchester Model 70 ta fito da wannan ƙugiya tun 1936. Sun cire ta a 1964 don rage kuɗin ƙira, maharba suka yi ta ƙorafi, daga baya suka dawo da ita. Yau kana iya sayenta a .375 H&H, harsashin da Holland & Holland suka fitar a 1912, ba ka taka ƙofar maƙeri ba.

Ɗanjuma: Ni bahago ne, kuma dogo. Ina ganin irina ne maganar Malam ta fi shafa. In ƙota ta yi maka gajarta, madubin saiti sai ya matso kusa da ido, bindiga na tokarin kafaɗa sai ya sare ka a gira. Wanda ya taɓa ganin jini na bin hancin mutum bayan harbi ɗaya ya san abin da nake nufi. Kuma zaɓin bahago a kanti kaɗan ne, ko da yake Tikka da Savage suna yi.

Baban Halima: Wannan na yarda. Sai dai maganinsa canza ƙota ne, ko ƙara mata tsawo, ba sabuwar bindiga daga tushe ba.

Hajiya Bilki: Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Wai "ta maƙeri" da ake ta faɗa, yawancinsu sakatarsu a kan ma'aunin Remington 700 aka kwaikwayo ta, don ƙota da kunamar da ke kasuwa su shiga. Wato sassan kamfanoni ne ake harhaɗawa. Sannan sai ka jira watanni, wani lokaci fiye da shekara, ka biya ninkin ba ninkin. Ranar da ka tashi sayarwa, mai saye ba ruwansa da cewa an auna ta da hannunka, hasali ma aibi ne a wurinsa. In kuma ta ƙi zuba harsashi daidai, wa za ka kama? Mai bututu ya ce maƙeri ne, maƙeri ya ce harsashinka ne.

Malam Sani: Hajiya, ai ba don sayarwa ake haɗa ta ba. Kuma kamfani ma ba dutse ba ne. Remington ta durƙushe a 2018, ta sake a 2020. Ina garanti ya tafi a lokacin?

Hajiya Bilki: Maƙeri mutum ɗaya ne, Malam. Shi ma yana tsufa, yana rufe shago.

Sarkin Baka: Ni dai da saurayi zai tambaye ni, cewa zan yi ya nemi lasisinsa yadda dokar ƙasarsa ta tanada, ya sayi ta kamfani mai cin harsashin .308 ko .30-06, waɗanda ba sa wuyar samu. Rarar kuɗin ya zuba a madubi mai kyau da harsashin atisaye. In ya harba har bututun ya cinye, lokacin ya san abin da yake so, sai ya kai wa maƙeri ya sa masa sabo.

Malam Sani: To ai Sarki, ranar da ya canza bututu, ya canza ƙota, ya canza kunama, ta zama ta maƙeri ke nan. Kun dawo gidana.

Baban Halima: Mun dawo, amma bayan ya ci nama shekara da shekaru da ta kanti. Ɗanjuma, kai wace ƙota ka sa wa taka, ta katako ko ta roba?